WALIYYI YUSUFU MOSCATI, LIKITAN TALAKAWAN NAPOLI (1880–1927)

Yawancin waliyyan da muka saba jin tarihinsu Fadoci ne, ko Sistoci, ko kuwa shahidai waɗanda suka ba da jininsu saboda bangaskiya. Wanda za mu duba rayuwarsa a wannan karo likita ne, ɗan Ikkilisiya kamar kowannenmu, wanda bai taɓa sa rigar limanci ba. Ya yi kwanakinsa tsakanin gadajen marasa lafiya, da ɗakin bincike, da ajin ɗalibai. Tambayar da ta bi shi dukan rayuwarsa ita ce wadda har yau take damun kowane gida da ciwo ya shiga: shin wanda ba shi da kuɗi yana da hakkin ganin ƙwararren likita, ko kuwa sai ya haƙura da abin da ya samu?

An haifi Giuseppe Moscati, wato Yusufu a bakinmu, ranar 25 ga Yuli, 1880, a garin Benevento na kudancin Italiya. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa, Francesco, alƙali ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Rosa De Luca. Aikin mahaifin ya kai iyalin birnin Napoli a shekara ta 1884, a can kuma Yusufu ya girma, ya yi karatu, ya yi aiki, ya mutu.

Ana sa ran ɗan alƙali ya bi sawun ubansa ya karanci shari'a. Amma a shekara ta 1892 wansa Alberto, wanda hafsan soja ne, ya faɗo daga kan doki ya bugu a kai, daga nan farfaɗiya ta kama shi har ƙarshen ransa. Yusufu yana ɗan shekara goma sha biyu a lokacin. Ya shafe sa'o'i masu yawa a gefen gadon wansa, ya ga abin da magani yake iya yi, ya kuma ga inda ƙarfin magani yake ƙarewa. Masu rubuta tarihinsa suna ganin a nan ne zuciyarsa ta karkata ga likitanci. Ya shiga Jami'ar Napoli a 1897, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya kuma sami digirinsa a watan Agusta na 1903 da sakamako mafi girma, bayan ya rubuta bincike a kan aikin hanta.

Asibitin da ya fara aiki yana da suna mai ban tsoro: Incurabili, wato Asibitin Waɗanda Ba Sa Warkewa. Wata mata mai suna Maria Lorenza Longo ce ta kafa shi tun ƙarni na 16 domin waɗanda sauran wurare suka ƙi karɓa. Ya kamata mu san yadda Napoli take a wancan zamani. Babban birni ne, mai manyan gidaje da majami'u masu ƙawa, amma a bayansu akwai lunguna inda iyali guda suke cunkushe a ɗaki ɗaya ba taga, ba ruwa mai tsabta. Kwalara ta kashe dubban mutane a birnin a 1884. Ba a kuma kafa tsarin kiwon lafiya na ƙasa ba tukuna. Mai hali yakan kira likita gida ya biya shi, talaka kuwa sai ya dogara ga asibitocin sadaka, yawanci bayan ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa.

A watan Afrilu na 1906 dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, toka ta yi ta zubowa kan garuruwan da suke gindinsa. A Torre del Greco akwai wani ƙaramin reshen asibitin inda aka ajiye tsofaffi da shanyayyu waɗanda ba su iya tafiya da ƙafafunsu. Moscati, yana ɗan shekara 25, ya tafi can ya shugabanci kwashe su. Ba a daɗe da fitar da na ƙarshe ba rufin ginin ya rufta saboda nauyin toka. Bayan haka ya rubuta wa shugaban asibitin yana roƙo a yaba wa ma'aikatan da suka taimaka, bai nemi kome don kansa ba. Sa'ad da kwalara ta sāke ɓullowa a 1911, hukumar lafiya ta nemi ya bincika yadda cutar take yaɗuwa, ya kuwa ba da shawarwari game da tsabtace birnin.

A nan akwai abin da bai kamata mu tsallake ba. Sau da yawa idan aka ce likitan talakawa, abin da yake zuwa a zuciya shi ne mutum mai kirki wanda iliminsa bai taka kara ya karya ba, wanda masu kuɗi ba sa nema. Moscati ba haka yake ba. Yana cikin likitocin da aka fi nema a kudancin Italiya. Ya koyar da ilimin sinadaran jiki a jami'a, ya wallafa bincike da dama, ya halarci taron masana a Vienna a 1911. Ya shahara wajen gane cuta ta wurin tambaya, da dubawa, da taɓawa, da saurarar ƙirji, a zamanin da na'urorin bincike ba su da yawa. A 1921 aka kira shi wurin Enrico Caruso, mawaƙin da duniya ta sani, ya gane cewa ƙurji ne mai ruɓa a saman ciki, a ƙarƙashin tantanin da ya raba ciki da ƙirji, amma lokaci ya riga ya ƙure, Caruso ya rasu ranar 2 ga Agusta na shekarar. Hannun da ya duba Caruso shi ne yake duba lebura da mai wanki a lungunan birnin, da irin natsuwar nan, da irin ilimin nan. Mahaifiyarsa ta rasu da ciwon sukari a 1914. Da aka samo maganin insulin a Kanada, aka fara yi wa mutane allurarsa a 1922, Moscati yana cikin likitocin farko da suka yi aiki da shi a Napoli.

Zarafin barin asibiti ya zo masa a 1917, sa'ad da kujerar farfesa ta ilimin sinadaran jiki ta zama babu kowa, aka kuma so a ba shi. Ya ƙi, ya goyi bayan abokinsa Gaetano Quagliariello, domin ba ya so ya rabu da majiyyata. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kula da sashen sojoji na asibitin, inda ya duba sojoji fiye da dubu biyu. A 1919 aka naɗa shi babban likitan ɗaya daga cikin sassan maza na Incurabili.

Game da kuɗi kuwa, labaran da mutanen Napoli suka riƙe suna da yawa. Yana zaune a wani gida a titin Cisterna dell'Olio tare da 'yar'uwarsa Anna, wadda ake kira Nina, a can yake ganin marasa lafiya bayan ya taso daga asibiti. An ce a ɗakin jira akwai wata hula da aka ajiye a kan tebur, mai hali ya sa abin da ya iya, wanda ba shi da kome kuma ya ɗauki abin da yake bukata. Ana ba da labarin waɗanda suka isa gida suka warware takardar magani suka tarar da kuɗi a naɗe a ciki, da waɗanda suka ba shi fiye da abin da ya ga ya dace ya mayar musu da ragowar. Ya gane abin da kowace uwa ta sani, cewa rubuta magani ga wanda ba zai iya saya ba daidai yake da sallamarsa hannu wofi, kuma mai ciwon da yunwa ta raunana yana bukatar madara da nama kafin ƙwaya ta yi masa aiki. Abin da ya samu daga masu arziki Nina ce take juya shi zuwa abinci da magani ga iyalan da ya rubuta mata sunayensu. Yadda ya yi abin ma darasi ne, gama ya nemi hanyar da talaka zai karɓa ba tare da ya sunkuyar da kai a gaban jama'a ba.

Bai yi aure ba, ya keɓe kansa ga Allah cikin tsabtar rai, kowace safiya kuma sai ya halarci Misa ya karɓi Jikin Ubangiji kafin ya nufi asibiti. Yana ɗaukar majiyyaci a matsayin mutum mai jiki da rai, don haka yakan tunatar da wasu su nemi Fada su daidaita tsakaninsu da Allah. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba, domin a jami'o'in Italiya na lokacin da yawa daga cikin manyan likitoci suna ganin kimiyya ta riga ta kori addini. Wasu sun yi masa ba'a, amma ba wanda ya iya raina aikinsa. Ya sa aka rataye gicciye a ɗakin binciken gawa, inda yake koya wa ɗalibai, domin su tuna cewa jikin da yake kwance a gabansu, wanda sau da yawa na talakan da ba mai nemansa ne, ya cancanci girmamawa. A watan Fabrairu na 1927 Farfesa Leonardo Bianchi, tsohon minista kuma mutumin da aka sani da nisa daga Ikkilisiya, ya yanke jiki ya faɗi a wani taron likitoci. Moscati ya durƙusa a gefensa, ya aika a kira Fada, ya tsaya tare da shi har ya cika.

Wata biyu bayan haka, ranar Talata ta Mako Mai Tsarki, 12 ga Afrilu, 1927, ya halarci Misa, ya zaga asibiti, ya koma gida ya fara ganin masu jiransa. Wajen ƙarfe uku na rana ya ji jikinsa ba daɗi, ya zauna a kujerarsa, ya cika a nan. Shekarunsa 46. Jama'a masu ɗimbin yawa suka cika titin gidansa, mafi yawansu talakawa.

Hular nan ta ɗakin jira ta rufa wa mutane da yawa asiri, amma hula ɗaya ce a birni mai dubban ɗaruruwan mutane, kuma wanda bai san hanyar gidan Moscati ba, ko wanda ciwo ya kama bayan rasuwarsa, bai amfana da ita ba. Sai a 1978, shekara 51 bayan mutuwarsa, Italiya ta kafa tsarin kiwon lafiya na ƙasa wanda ya ba kowane ɗan ƙasa hakkin jiyya ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Abin da likita ɗaya ya ɗauka a matsayin bashin da lamirinsa yake binsa ya ɗauki rabin ƙarni kafin ya zama doka.

Ranar 16 ga Nuwamba, 1930, aka ɗauke ƙasusuwansa daga maƙabartar Poggioreale zuwa majami'ar Gesù Nuovo ta Fadocin Jesuit, kusa da gidansa. Fafaroma Bulus na Shida ya ayyana shi Mai Albarka ranar 16 ga Nuwamba, 1975, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sa shi cikin jerin waliyyai ranar 25 ga Oktoba, 1987, a daidai lokacin da Bishop-bishop na duniya suke taro a Roma a kan kira da aikin 'yan Ikkilisiya waɗanda ba limamai ba. Ana idinsa a Napoli ranar 16 ga Nuwamba. A cikin majami'ar an adana kayan ɗakin aikinsa da kujerar da ya mutu a kai, kusa da kabarinsa kuma akwai mutum-mutuminsa na tagulla, wanda hannunsa ya yi fes saboda yawan marasa lafiya da 'yan'uwansu da suke riƙe shi sa'ad da suke addu'a.