MAZAN JIYA: SHEHU GARBAI, WANDA YA KAFA YERWA

Duk wanda ya taɓa sauka Maiduguri ya ji mutanen garin suna kiransa Yerwa. To, amma ba kowa ya san wanda ya kafa shi ba, balle wahalar da aka sha kafin a kai ga haka. Mutumin nan shi ne Shehun Barno Abubakar Garbai, ɗan Shehu Ibrahim, ɗan Shehu Umar, ɗan Shehu Muhammadu El-Kanemi.

Gidan kakanninsa Kukawa ne, kusa da Tafkin Chadi, garin da El-Kanemi ya gina wajen 1814. A can ayarin fatake daga Tarabulus ke sauke kaya bayan sun ratso Sahara. Cikin 1893 Rabe ya taso daga gabas da bindigoginsa, ya ci Barno da yaƙi, ya ƙone Kukawa, ya mai da Dikwa mazauninsa. 'Ya'yan sarauta suka watse, kowa ya yi ta kansa.

A shekarar 1900 Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri, bakin kogin Shari. Suka naɗa Sanda Kura, ɗan'uwan Garbai, Shehu a Dikwa, suka kuma ɗora masa kuɗi masu yawa wai ladan yaƙinsu. Ba a daɗe ba suka tuɓe shi, suka naɗa Garbai, bashin kuwa ya koma wuyansa. Ga kuma Fadlalla ɗan Rabe yana ta kai hari, har sai da Faransawa suka kashe shi a Gujba cikin 1901.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, Turawa sun riga sun raba ƙasar a kan takarda tun daga Turai. Yamma da tafki na Ingilishi, arewa da gabas na Faransa, Dikwa kuwa ta faɗa rabon Jamus. Ke nan Shehu yana zaune wuri guda, yawancin talakawansa suna wani wuri. Dole ya zaɓa.

Cikin 1902 Garbai ya bar Dikwa da jama'arsa, ya tsallako ɓangaren Ingilishi. Ya zauna Monguno, daga baya ya koma Kukawa da niyyar raya gidan ubansa. Amma garin ya zama kango, ga shi da nisa daga barikin Turawa. Saboda haka a 1907 ya haƙura, ya taso kudu, ya gina sabuwar fada a bakin kogin Ngadda, kusa da ƙauyen Maiduguri da barikin Mafoni. Wannan ita ce Yerwa.

Wurin ya karɓi baƙi. Nan ne mahajjatan ƙasar Hausa masu tafiya ta ƙasa ke yada zango, kafin su nufi Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya. Malamai da almajirai da 'yan kasuwa suka cika gari.

Shehu Garbai ya rasu a 1922, Sanda Kura ya gaje shi. Bayansa jirgin ƙasa ya isa garin a 1964, ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Barno a 1976. Dikwa ma ta dawo cikin Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961.

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, ku dubi wannan bawan Allah. Ya bar kushewar kakanninsa ba da son ransa ba, amma bai bar sarautarsu ta mutu ba. Har yau zuriyar El-Kanemi ce ke zaune a fadar Yerwa. Allah ya jiƙansa, amin.