Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Masallacin Zazzau

Duk wanda ya tashi daga Muchia da tsakar rana cikin bazara, ya ratsa Sabon Gari, ya haye Kubanni, ya bi ta Tudun Wada har ya shiga Ƙofar Doka, kāna ya sami wani tsohon zaure ya zauna, ba sai an gaya masa bambancin ginin da da na yanzu ba, jikinsa ne zai gaya masa. Ya baro ɗakin kwano yana tsiyayar gumi, ga shi nan a ɗakin ƙasa ya sami sanyi kamar na gindin tsamiya. To, yau muna so mu ba masu karatu tarihin mutumin da ya fi kowa shahara a wannan sana'a ta ginin ƙasa a ƙasar Hausa, watau Muhammadu Durugu, wanda waɗansu ke kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da Babban Gwani.

Ya yi zamaninsa a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A lokacin nan Zazzau ta sake hannu. Sarki Makau ya fita ya nufi kudu, Malam Musa ya shiga birni da tuta ya yi sarauta har 1821, Yamusa ya gaje shi har 1834, sa'an nan Abdulkarimu, tushen gidan Katsinawa, ya hau ya riƙe ƙasa har 1846. Sababbin sarakunan nan malamai ne, kuma abin da malami ya fi bukata in ya sami mulki shi ne masallacin Juma'a wanda zai ɗauki jama'a, da wurin yin shari'a. A zamanin Abdulkarimu ne aka ɗora wa Muhammadu Durugu wannan aiki a ƙofar fada.

Ya kamata mu dubi irin garin da ya yi aikin a cikinsa. Baturen nan matafiyi, Kilafatan, ya biyo ta Zariya a 1826, ya kuwa ba da labarin gari mai faɗi cikin ganuwa, da gonaki da fadamu a ciki, da dogayen itatuwa. Har yanzu tsofaffin rimayen Zariya shaida ne. Mutanen da ba su cika birni da gidaje ba. Sukan bar fili a cikin ganuwa domin noma da kiwo, don ko abokan gaba sun kewaye gari kada yunwa ta ci mutane. Kuka tana ba da miya, ɗorawa tana ba da kalwa, rimi yana ba da audugar matashi, dukansu kuma suna ba da inuwa. Ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ne ke zama kududdufi, ya tare ruwan damina, a shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi. Gari ne wanda kusan duk abin da za a gina shi da shi yana nan kusa, jaki ma ya isa ya kawo.

Ga yadda maginan zamaninsa ke aiki, shi kuwa ya kai abin matuƙa. Akan haƙo jar ƙasa mai birji, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana, ba a ƙona ko itace ɗaya. Magini yana zaune bisa bango, yara suna jefa masa tubali da curin ƙasa yana cafewa. Bango yakan yi kauri ƙwarai a ƙasa, yana tafiya yana sirancewa. Kaurin nan shi ne asirin sanyin ɗaki, gama zafin rana yakan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa shi, in ya ratso kuwa dare ya riga ya yi, an fara neman ɗumi. Shi ya sa soro yake da sanyi da rana cikin bazara, yake kuma da ɗumi da asuba cikin hunturu.

Wahalar tana wajen rufi. Ƙasar Hausa ba ta da manyan katakai, abin da take da shi azara ce, wadda ake tsagawa daga giginya. Azara tana da kirki, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. To, yaya za a rufe ɗaki mai faɗin da zai ɗauki sahu-sahu na masallata da itacen da bai wuce wannan ba? Dabarar ita ce a kafa azara cikin bango ta ɗan leƙo waje, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, sa'an nan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa. Haka za a yi ta yi daga wannan gefe da wancan har su haɗu a tsakiya su zama baka. Wannan shi ne bakan gizo. In aka gicciya bakuna suka haɗu a sama, shi ne ɗaurin guga, a kansa ake shimfiɗa gajerun azara a yi tulluwa. Ba Babban Gwani ne ya ƙago wannan dabara ba, ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. A masallacin Zariya ya tsai da manyan ginshiƙai, ya fitar da bakuna daga jikinsu kamar rassan itace, ya yi musu zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya, har ya zama mai shiga ba ya iya cewa ga inda ƙarfin gini ya tsaya ga inda ado ya fara. Bayan ɗakin salla ya gina zaurukan shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a, duka cikin haraba ɗaya.

Wani abin da ya kamata malaman makaranta su lura da shi, su kuma nuna wa yara, shi ne yadda sana'o'in gari ke ciyar da juna. Abin da ke hana ruwa ratsa rufin soro shi ne laso, ana kuwa haɗa shi da katsi, watau abin da ya kwanta a gindin karofi bayan an gama rini, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Makuba da ake shafe bango da daɓe da ita daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Ashe sharar marini da ta majemi ita ce dukiyar magini. Gida kuma in ya tsufa ya faɗi, ƙasarsa ake sake jiƙawa a tayar da sabo. Yau masana na ƙasashen Turai suna ta rubuce-rubuce a kan birnin da ba ya zubar da kome, ga shi kuwa kakanninmu sun zauna a cikin irinsa.

Sunansa ya kai nesa. Ana danganta masa gine-gine a fadar Kano da ta Bauci, kuma gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauci, wanda aka gina wajen 1860, aikinsa ne. A 1956 Gwamnati ta sa wannan gida cikin kayan tarihin da doka ta tsare. Mutum in ya shahara haka, labari yakan taru a kansa. Ana cewa da dare yake gini shi kaɗai, gari ya waye a tarar da aiki ya ɗaga, har waɗansu suka ce da aljanu yake aiki. Ni dai a ganina wannan magana rage masa daraja take yi. Wanda ya san nauyin da azara za ta ɗauka, ya san kwana nawa ƙasa za ta yi kafin a ɗora mata wata, ba ya bukatar aljani, ilmi ne da lissafi, ko da ba a rubuta su a takarda ba. Kada kuma mu manta da waɗanda suka haƙo ƙasa suka ɗauko ruwa, gama manyan ayyukan wancan zamani da ƙarfin bayi da talakawa aka yi su, ba a kuwa riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Labarin rasuwarsa da ake bayarwa mai ban tausayi ne. An ce Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci, da ya gama, sarki ya ga kyaun aikin, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da yawa, saboda haka mai hankali zai karɓe shi da taka-tsantsan. Abin da ke tabbatacce shi ne zuriyarsa sun riƙe sana'ar a birnin Zariya, unguwarsu ma da sunansa ake kiranta, Unguwar Babban Gwani. Allah ya jiƙansa.

Bayansa duniya ta juya. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta tsiro a gefen tasha da tituna miƙaƙƙu, kwano da siminti suka shigo. Aka buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a 1962, har da sashen koyar da zanen gine-gine. Sannu a hankali ginin ƙasa ya zama alamar rashi a idon mutane, mai kuɗi ba ya jin ya isa sai ya yi bulo. Ba kuwa za mu zargi mutane ba, domin soro yana da nasa nauyi. Kowace shekara kafin damina sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, in aka yi sakaci shekara biyu ko uku ruwa ya sami hanya. Kududdufi kuma gidan sauro ne, balle yanzu da aka mai da shi juji. Amma bulo ma ba kyauta ba ne. Na sha shiga aji mai rufin kwano ba silin da ƙarfe ɗaya na rana, na tarar rabin yara suna gyangyaɗi, malami yana fifita da littafi. Masana sun ƙiyasta cewa yin siminti kaɗai yana fitar da wajen kashi 7 ko 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, ban da wutar lantarkin da za a ƙona a sanyaya ɗakin da aka gina da shi. Kududdufan da ake cikewa a yi filoti kuwa, ruwan da suke tarewa ba ya fasa zuwa, sai dai ya shiga gidajen mutane.

A waɗansu wurare an komo ga ƙasa. A garin Yama na jihar Tawa, a Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, a 1986 aka ba aikin lambar Aga Khan. A 2022 kuma Francis Kéré, mutumin Burkina Faso, wanda ya fara suna da makarantar da ya gina wa ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa, ya sami lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. Ba su koma ga ginin da kamar yadda yake ba, Kéré ma ya ɗaga rufin kwano sama da ɗakin don iska ta riƙa ratsawa. Sun ɗauki abin da ke da amfani ne suka gyara inda ke da rauni.

Shi kuwa masallacin Babban Gwani, wani masani mutumin Folan, Dmochowski, ya auna shi ya zana shi filla-filla, daga baya aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka tayar da sabon gini na siminti aka kewaye tsohon ɗakin salla a cikinsa. Ran Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin ya rufto a kan masallata, mutane suka rasu, waɗansu suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa tun ana gobe aka ga tsaga a jikin ginin, ana shirin kiran masu gyara sai abin ya auku. Allah ya gafarta wa waɗanda suka rasu. Ginin yana da shekara wajen 180 a duniya ran da wannan ya faru.