Musorgiski, Makaɗin da Ya Gina Ƙofa da Kiɗa

'Yan'uwana ɗalibai, duk sa'ad da na ji an busa kakaki a ƙofar fadar Sarkin Sudan, nan Kontagora, sai in tuna da wata ƙofa wadda ba a taɓa gina ta ba, amma na san ta da kunnena. Ga labarin mai ita.

An haifi Modest Musorgiski a ƙasar Rasha cikin 1839. Mahaifiyarsa ce ta fara koya masa kaɗa fiyano. Ya shiga soja, amma ya fita a 1858 don son kiɗa. Da dukiyar gidansu ta karye sai ya kama aikin akawu, ya kan tsara kiɗa in ya taso.

Yana da aboki magini, mai zane kuma, wai shi Hartman. A 1873 abokin nan ya rasu yana da shekara 39. Da shekara ta kewayo aka baje zanensa fiye da 400 a birnin Fitasbag. Musorgiski ya je ya gani, ya komo gida da baƙin ciki, ya zauna kamar mako uku ya tsara kiɗa iri goma, kowane da hotonsa. Tsakaninsu ya sa wani ɗan kiɗa mai kama da takun mai zagaya ɗakin kallo.

Na ƙarshensu shi ya fi kama ni. Hartman ya zana babbar ƙofa domin birnin Kiyef, ba a kuwa aza ko tubali ɗaya ba. Musorgiski ya ɗauki nauyin ginin ya mai da shi sauti mai kauri, ya sa amon ƙararrawa bisa, har mai saurare ya ji kamar yana wucewa ƙarƙashinta.

Sai dai giya ta ci ƙarfinsa. Ya mutu a 1881, shekararsa 42, bai ga an buga aikin ba, sai 1886 aka buga. A 1922 Rabel, wani Bafaranshe, ya rarraba kiɗan ga taron masu goge da busa da ganguna, duniya ta ɗauka.

Mu da za mu riƙe alli gobe, abin lura biyu ne. Amanar aboki ta tsai da abin da sarki bai gina ba. Kwalba kuwa ta rushe gwanin tun da sauran ƙarfinsa. Allah Ya kiyashe mu, amin.