Tarihin Brian Clough, kocin da maki 1 ya buɗe wa ƙofar Turai

Duk lokacin da kakar wasa ta zo gangara, hirar rumfunan kasuwa da teburan masu shayi takan koma kan wa zai ɗauki kofi. To amma akwai wata kokawar da ta fi wannan zafi, wato ta ƙungiyoyin rukuni na biyu masu fafutukar hawa rukuni na ɗaya. Yau a filinmu na tarihin mashahuran mutane mun ɗauko wani Bature ɗan Ingila, Brian Clough, wanda wannan kokawa ta bi shi tun yana ɗan wasa har ya zama koci.

An haife shi ranar 21 ga Maris 1935 a Middlesbrough, garin masana'antun ƙarfe a arewa maso gabashin Ingila, mahaifinsa ma'aikaci ne a kamfanin alewa. Ya taso ɗan wasan gaba mai ƙafar cin ƙwallo. A ƙungiyar garinsu da kuma Sunderland, inda ya koma a 1961, ya ci ƙwallo 251 a wasannin lig 274, amma kusan dukkansu a rukuni na biyu ya ci su.

Ranar 26 ga Disamba 1962, Sunderland tana tsakiyar neman hawa, ya yi karo da mai tsaron gidan Bury a filin da sanyi ya daskarar, jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke. A ƙarshen kakar Sunderland ta zo ta 3, makinta ɗaya da na Chelsea, lissafin ƙwallaye ne kawai ya raba su, kuma a lokacin ƙungiyoyi 2 ne ke hawa. Da ta hau a 1964 Clough ya yi ƙoƙarin dawowa, wasa 3 kacal ya buga a rukuni na ɗaya, gwiwa ta ƙi, ya ajiye takalmi.

Yana da shekara 30 ya zama kocin Hartlepools a 1965, ya jawo tsohon abokinsa Peter Taylor ya zama mataimakinsa. Haɗin nasu irin na 'yan kasuwa biyu ne a rumfa ɗaya: Taylor ke da idon gane kaya mai kyau a cikin wanda wasu suka raina, shi kuwa Clough ke da bakin da zai sa ɗan wasa ya yi abin da bai san zai iya ba. A 1967 suka karɓi Derby County a rukuni na biyu, suka sayi Dave Mackay daga Tottenham yana da shekara 33, lokacin da ake ganin ya ƙare. Derby ta hau a 1969, ta zama zakaran Ingila a 1972. Amma Clough mutum ne mai kaifin harshe. Rigima da shugaban ƙungiya ta sa ya bar Derby a 1973, a 1974 kuma ya je Leeds United ba tare da Taylor ba, aka sallame shi bayan kwana 44.

A Janairun 1975 ya karɓi Nottingham Forest tana tangal-tangal a rukuni na biyu. Ta ƙare ta 16 a wannan shekara, ta 8 a ta biye. A 1976 Taylor ya dawo, suka koma sana'arsu. Suka gyara John Robertson, wanda ake yi wa kallon mai ƙiba marar himma, suka sayo Peter Withe da Larry Lloyd da araha, suka ɗauko Garry Birtles daga wata ƙaramar ƙungiya a kan fam 2,000.

Ga yadda ƙarshen kakar 1977 ya kasance. A lokacin ƙungiyoyi 3 ke hawa, nasara kuma maki 2 ce. Wolves da Chelsea sun yi gaba, saura gurbi ɗaya. Ranar 7 ga Mayu Forest ta buga wasanta na ƙarshe da Millwall, ta ci 1 da nema, ƙwallon ma ɗan wasan Millwall ne ya ci gidansu. Ta tsaya a maki 52, alhali Bolton tana da kwantan wasanni da za su iya kai ta gaba. Ranar 14 ga Mayu, 'yan Forest suna kan hanyar zuwa hutu a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen, Wolves ta doke Bolton 1 da nema har gida. Bolton ta ƙare da maki 51, Forest ta hau.

Abin da ya biyo baya shi ya sa ake tuna wannan maki 1. Clough ya sayi mai tsaron gida Peter Shilton da Kenny Burns, kuma a 1978 Forest ta zama zakaran Ingila da ratar maki 7 tsakaninta da Liverpool. Tun daga nan ba a sake samun ƙungiyar da ta hau ta ɗauki kofin lig a kakarta ta farko ba. Ta yi wasannin lig 42 a jere ba a doke ta ba. A 1979 ta ci Kofin Zakarun Turai a birnin Munik, inda Trevor Francis, ɗan wasan farko da aka saya fam miliyan 1 a Ingila, ya ci Malmo. A 1980 ta maimaita a Madrid, Robertson ya ci Hamburg.

Sai dai ƙarshen bai yi daɗi ba. A 1983 Clough da Taylor suka ɓata a kan cinikin Robertson zuwa Derby, inda Taylor ya koma, kuma har Taylor ya mutu a 1990 ba su shirya ba. Shan barasa ya ci ƙarfin Clough. A 1993, bayan shekara 18 yana jan ragamar Forest, ya yi ritaya a kakar da ta faɗa rukuni na biyu inda ya same ta. An yi masa dashen hanta a 2003, ya mutu ranar 20 ga Satumba 2004 yana da shekara 69. An sanya wa hanyar da ta haɗa Derby da Nottingham sunansa.

Mu da ke harkar saye da sayarwa mun san cinikin ƙarshen kasuwa ba a raina shi. Da Forest ta yi sakaci da wasa ɗaya a cikin 42 na kakar 1977, da babu kofin Ingila, babu na Turai. Saboda haka idan ƙungiyarku tana wannan kokawa a bana, ku riƙa ƙidaya makinta ɗaya bayan ɗaya har busan ƙarshe.