Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilimin Magani

Galibin masu nazarin tarihin Daular Sakkwato sun fi sanin Muhammadu Bello a fagen yaƙi da mulki, kuma suna da hujja. An haife shi a shekarar 1781, ya yi karatu a wajen mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da baffansa Abdullahi, ya kasance cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, ya kafa birnin Sakkwato a 1809, sannan ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya shekara 20 yana riƙe da sarautar Sarkin Musulmi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, a tsakanin tawayen da ya yi ta kwantarwa da ribaɗoɗin da ya yi ta ginawa, ya sami sukunin wallafa littattafai a kan ciwon ido da basir da gyaran ciki.

A zamaninsa hanyoyin neman lafiya ba ɗaya ba ne. Akwai saiwoyi da sassaƙe na masu magani da wanzamai da ungozomai, akwai na 'yan bori wanda malaman jihadi suka yi tir da shi, akwai kuma ilimin littafi da ya zo da Larabci. Shi wannan na ƙarshe ya haɗa magungunan da suka zo a hadisai da tsarin likitocin Yunan, wanda ke auna cuta da magani bisa zafi da sanyi, danshi da bushewa. Wannan ne likitancin masu ilimi a lokacin, kuma a cikinsa Bello ya yi rubutu. Daga cikin ayyukansa akwai Al-Mawaridun Nabawiyya, da Al-Ƙaulul Mansur a kan basir, da Masugul Lujaini a kan ido. Zaɓin cututtukan ma abin lura ne, domin su ne waɗanda manomi da malami da mayaƙi ke fama da su yau da gobe a ƙasar da ke da ƙura da zafin rana.

Risalarsa a kan ganyen sana, wanda ɗan'uwansa ke tsirowa a ƙasar Hausa da sunan filasko, ita ce ta fi kusa da rayuwarmu ta yau. Ganye ne da ya zo a hadisi, likitocin Larabawa sun yi bayaninsa, talakawa kuma sun daɗe suna jiƙa shi su sha idan ciki ya ɗaure. Har yanzu ana sayar da ƙwayar da aka sarrafa daga gare shi a kantunan magani na zamani. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa sinadaransa na motsa babban hanji ne, kuma yawan shansa na rage gishirin fotasiyam a jini. Wannan kan zama haɗari ga mai shan ƙwayar digoxin saboda ciwon zuciya, ko mai shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari. Bello bai san waɗannan ƙwayoyi ba, amma ware risala guda ga ganye ɗaya da hanyoyin amfani da shi ya nuna bai ɗauki maganin daji a matsayin abin da ake sha da ka ba.

Bai kuma rufe ƙofa ga likitancin baƙi ba. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, abokin tafiyarsa Likita Oudney ya riga ya mutu a hanya kusa da Katagum. Cikin buƙatun da Bello ya gabatar har da a turo masa likita ya zauna a birnin. Hukumar Ingila ta amsa, tawagar da ta taso a 1825 ta haɗa da likitoci biyu, Dickson da Morrison, sai dai babu ɗayansu da ya iso. Morrison ya mutu a ƙasar Yarabawa, Dickson ya bi ta Dahomey aka daina jin ɗuriyarsa. Clapperton ya iso a 1826, ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, dangantakarsa da Sarkin Musulmi ta yi tsami saboda saƙon da ya ɗauko wa Shehu Laminu, ya kwanta ciwo, ya mutu a watan Afrilu na 1827. Da haka haɗuwar likitancin Turai da na Sakkwato ta jinkirta har zuwan mulkin mallaka, ta kuma zo a yanayin da babu daidaito tsakanin ɓangarorin biyu.

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya fi zama a ribaɗin Wurno. Ya jagoranci yaƙin Gawakuke a 1836, ya yi nasara a kan Gobirawa da mataimakansu. A shekarar 1837 ya kwanta jinya, ya rasu a Wurno, can kuma aka yi masa makwanci. Ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi. Kofe-kofen littattafansa na magani, rubutun hannu, suna nan a ɗakunan adana takardu na Sakkwato da Kaduna da Ibadan, da kuma hannun wasu gidajen malamai.