Wesley Clair Mitchell (1874–1948): Masanin da Ya Bi Sawun Farashi da Albashi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ke dogaro da albashi ya san halin da akan shiga idan kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, albashi kuwa yana nan inda yake. Daga cikin masanan farko da suka auna wannan al'amari da alƙaluma akwai Wesley Clair Mitchell, wani Ba'amurke masanin tattalin arziki. Wannan darasi zai waiwayi rayuwarsa, musamman nazarce-nazarcen da ya gudanar a farkon aikinsa a kan albashi da farashi da bankuna da kai-komon kasuwanci.

1.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Mitchell ranar 5 ga Agusta, 1874, a garin Rushville da ke Jihar Illinois. Mahaifinsa likitan soja ne a yaƙin basasar Amurka, wanda daga baya ya koma noma, ga shi kuma ba ya da cikakkiyar lafiya. Saboda haka, a gida mai 'ya'ya bakwai, nauyi ya hau kan Mitchell tun yana ƙarami, kasancewarsa babban ɗa namiji.

A shekarar 1892 ya shiga Jami'ar Chicago, a shekarar da ta fara ɗaukar ɗalibai. A nan ya zauna gaban malamai uku da suka yi masa tasiri: J. Laurence Laughlin, masanin harkar kuɗi da banki, da Thorstein Veblen, da kuma John Dewey, wanda ɗaliban ilimi suka sani a fagen falsafar koyarwa. Ya sami digirinsa na farko a 1896, na uku kuma a 1899.

1.2 Nazarinsa a Kan Kuɗin Takarda

A lokacin yaƙin basasa (1861–1865) gwamnatin Arewacin Amurka ta rasa kuɗin biyan sojoji, sai ta yi doka a 1862 ta buga kuɗin takarda waɗanda ba a musanya su da zinariya. Saboda launin bayansu kore ne aka yi musu laƙabi da masu koren baya. Adadin da aka yarda a buga ya kai kimanin dala miliyan 450. Wannan shi ne batun kundin digirin Mitchell, wanda ya faɗaɗa ya zama littafi mai suna A History of the Greenbacks a 1903, ya kuma biyo shi da wani a 1908 a kan zinariya da farashi da albashi.

Mitchell ya tattara farashin kayayyaki da ladan ma'aikata na shekaru masu yawa, ya jera su, ya kwatanta. Sakamakon ya nuna abubuwa biyu. Na farko, darajar takardar ba ta rataya ga yawanta kaɗai ba, har da amincewar jama'a: idan sojojin gwamnati suka yi nasara sai ta tashi, idan aka ci su da yaƙi sai ta faɗi. A watan Yulin 1864 dalar takarda ta sauko zuwa kimanin santi 35 na zinariya. Na biyu, farashi ya riga albashi tashi, ya kuma yi masa nisa. Ma'ana, leburori da sauran masu cin albashi sun biya wani kaso na kuɗin yaƙin ba tare da an aza musu haraji a fili ba, yayin da masu kasuwanci da waɗanda ake bi bashi suka ci gajiyar lamarin.

1.3 Nazarinsa a Kan Kai-Komon Kasuwanci

A 1903 Mitchell ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Yana can aka yi rikicin bankuna na 1907, lokacin da jama'a suka yi cincirindo don cire ajiyarsu. A 1913 ya wallafa babban littafinsa, Business Cycles, inda ya nazarci alƙaluman Amurka da Ingila da Jamus da Faransa daga 1890 zuwa 1911.

Ya bayyana cewa bunƙasa da durƙushewa suna haifar juna ne, kuma neman riba ne ke juya su. Idan kasuwa ta farfaɗo, farashin kaya kan tashi kafin kuɗin samar da su, sai riba ta yawaita, 'yan kasuwa su ci bashin banki su faɗaɗa harka. Sannu a hankali albashi da haya da kuɗin ruwa su cim ma farashi, ajiyar bankuna ta yi ƙasa, riba ta tsuke. Daga nan bankuna su matsa a biya su, kamfanoni su karye, a sallami ma'aikata. Idan kuɗin samar da kaya ya sauka sosai, sai farfaɗowa ta sake kunno kai.

1.4 Sauran Rayuwarsa

A 1912 ya auri Lucy Sprague, malamar da ta assasa cibiyar da ta zama Kwalejin Ilimi ta Bank Street a birnin New York. Ya koyar a Jami'ar Columbia shekaru masu yawa. A 1920 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken tattalin arziki ta NBER, ya kuma jagoranci bincikenta har 1945. Cikin ɗalibansa akwai Simon Kuznets, wanda ya sami lambar Nobel a 1971. Duk da haka bai tsira daga suka ba, domin a 1947 Tjalling Koopmans ya zargi hanyarsa da yawan awo ba tare da ra'i mai jagora ba. Mitchell ya rasu ranar 29 ga Oktoba, 1948, a New York.

1.5 Kammalawa

Gudummawar Mitchell ita ce ɗora nazarin tattalin arziki a kan hujjar da aka tattara aka auna, kafin a yanke hukunci. Ta wannan hanya ya nuna wanda hauhawar farashi ke fara cutarwa, da yadda bashin banki ke iza bunƙasa sannan ya gaggauta faɗuwa. Malami mai jiran gado zai amfana da wannan ɗabi'a a aji: ya auna fahimtar ɗalibansa tukuna, sannan ya faɗi ra'ayinsa a kansu.