Charles Gordon: Sojan da Ya Rabu da Lambarsa ta Zinariya

Karatu: Matiyu 6:1-4

An haifi Charles Gordon a Woolwich, kusa da Landan, ran 28 ga Janairu 1833. Mahaifinsa hafsan soja ne, shi ma ya bi sawunsa, ya zama injiniyan soja a 1852. Ya yi suna a ƙasar Sin, inda ya shugabanci rundunar da ta taimaki sarkin ƙasar kwantar da tawayen Taiping a 1863 da 1864. Sarki ya aiko masa da kyautar azurfa mai yawa, ya ƙi karɓa. Amma akwai wata lambar zinariya da aka ba shi wadda ya riƙe, yana ji da ita ƙwarai.

Da ya koma Ingila, manya suka yi ta gayyatarsa liyafa, shi kuwa yana kaucewa. Daga 1865 zuwa 1871 ya yi aiki a garin Gravesend, a bakin kogin Thames. In ya tashi daga aiki, sai ya tara yaran titi, ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya koya musu karatu, ya nema musu aiki a jiragen ruwa. Yakan kuma ziyarci tsofaffi da marasa lafiya. Ita kuwa lambar zinariyar, ya kankare rubutun da ke kanta, ya aika a sayar domin taimakon matalauta, bai sa sunansa ba. Sai daga baya aka san inda ta tafi.

Kada mu ɗauka son yabo bai dame shi ba. Wasiƙun da ya rubuta wa yayarsa Augusta sun nuna mutum mai kokawa da girmankai da son suna kowace rana. Yana kuma da saurin fushi da taurin kai. Domin ya san raunin zuciyarsa ne ya riƙa raba kansa da duk abin da zai ciyar da wannan kwaɗayi, yana dogara ga alherin Yesu Almasihu.

A 1874 Isma'il Pasha, mai mulkin Masar, ya naɗa shi gwamna a kudancin Sudan, da albashin fam 10,000 a shekara. Gordon ya karɓi 2,000 kawai, gama ya san daga gumin talakawa kuɗin suke fitowa. A 1877 ya zama gwamnan Sudan duka, ya yi fama da fataken bayi.

Gwajinsa mafi girma ya zo a 1884. Muhammad Ahmad, wanda mabiyansa suka karɓa a matsayin Mahadi, ya tashi gāba da mulkin Masar. Gwamnatin Ingila ta aiki Gordon ya kwashe sojojin Masar da iyalansu. Ya isa Khartum ran 18 ga Fabrairu, jama'a suka tarye shi da murna. A watan Maris aka kewaye garin. Yana da jiragen ruwa, da ya so da ya tsira da ransa, amma ya ƙi barin mutanen da suka amince da shi. A Landan waɗansu suna kiransa gwarzo, waɗansu suna ce masa mai kunnen ƙashi. Ya ci gaba da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. A Janairu 1885 sansanin Omdurman, a ƙetaren Kogin Nilu, ya faɗi, yunwa kuma ta yi tsanani. Ran 26 ga Janairu aka ci Khartum, aka kashe Gordon. Jiragen agaji suka iso bayan kwana biyu, ranar da zai cika shekara 52.

Ɗan'uwa mai karatu, a karatunmu na yau Ubangiji Yesu ya gargaɗe mu a kan yin alheri domin idon mutane, gama wanda ya nemi yabonsu ya riga ya karɓi ladansa. Bakin da ya yabe ka yau, shi zai zage ka gobe. Mece ce lambarka ta zinariya? Kujera ce a ikilisiya, ko a kira sunanka ranar baiko? A wannan mako ka yi wa wani alheri wanda ba mai sani sai Ubanka na Sama.

Addu'a: Ya Uba, ka 'yantar da ni daga kwaɗayin yabon mutane, bari yardarka ta ishe ni. A cikin sunan Yesu, amin.